Wane suna za mu raɗa wa "potpourri" da Hausa?

1/ Assalamu alaikum jama'a. Ina neman gudummawar masu haɗa turare da malaman Hausa. Akwai wani haɗi da Turawa ke kira potpourri: busassun furanni da ganyaye masu ƙamshi, da ɓawon lemu, da su kanumfari da kirfa, a gauraya su a zuba a buɗaɗɗen kwano a ajiye a ɗaki. Ba a ƙona shi, ba a fesa shi, ba a shafa shi a jiki. Yana nan zaune yana sakin ƙamshi a hankali har tsawon watanni. Darasi nake rubuta wa mata masu koyon sana'ar hannu a kan yadda ake haɗa shi daga shuke-shuken da ake rainon su a tukwane cikin gida, to sunan ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

2/ Bari mu fara kawar da fassarar kai tsaye, don na san wani zai kawo ta. Kalmar ta Faransanci ce: pot tukunya, pourri ruɓaɓɓe. Ruɓaɓɓiyar tukunya ke nan. Su ma Faransawan aro suka yi daga Sifaniyawa, masu wani dahuwar wake da nama da suke kira olla podrida, ma'anarsa ɗaya. Da sunan abinci kalmar ta shiga Ingilishi a farkon ƙarni na 17, sai a ƙarni na 18 ta koma kan haɗin furanni. Duk wadda ta rubuta "ruɓaɓɓiyar tukunya" a jikin robar sayarwa, ta shirya kwana da kayanta.

3/ Amma ruɓar ba ƙarya ba ce. Haɗin asali na Faransa jiƙaƙƙe ne. A tsinko furen wardi da ganyaye a bar su kwana ɗaya ko biyu su yi yaushi, ba su bushe ba, sai a riƙa jera su a tukunya, shimfiɗar fure, shimfiɗar gishiri mai tsakuwa, haka har damina ta wuce ana ƙari ana juyawa. Haɗin ya tsima, ya yi baƙi, ya cure, wani lokaci har da fumfuna. Daga baya a zuba kayan ƙamshi. Ƙamshinsa kan yi shekaru, amma ba ya kalluwa, shi ya sa suka ƙera masa tukwanen tangaran masu murfi mai huda-huda. Masana'antar Sèvres da ke kusa da Faris ta yi wasu masu siffar jirgin ruwa a wajejen 1760, har Madame de Pompadour, masoyiyar Sarki Louis na 15, ta mallaka. Wanda ake yi yau a gidaje busasshe ne, an sayar da daɗewar ƙamshi an sayi kyawun ido.

4/ Wata Hajiya daga Maiduguri ta ce in daina yi wa Faransawa dariya, ai humra ma haka sunanta yake. Gaskiyarki Hajiya. Humra daga Larabcin Sudan da Chadi ta zo mana, daga tushen kalmar da ke nufin tsimawa, tushen da giya ma ta samo sunanta a Larabci. Bambancin shi ne mun karɓi humra da sunanta ba tare da kunnenmu ya ji tsamin ba. Da a ce fassara ta muka yi, da yanzu amare na shafa "tsimammiya".

5/ To me zai hana mu yi wa wannan ma aron kai tsaye? Ba a furta "t" ɗin tsakiya, "p" kuma a bakin Bahaushe "f" ce, sai ya zama fofuri. Ban ƙi aro ba, ai da bokiti da fanka da firji muke kwana muke tashi. Sai dai waɗannan sun shigo kasuwa ne da sunansu a goshi, kowa ya gani ya saya ya kira. Wannan kuwa bai shigo ba tukuna, mu ne za mu kai shi. In na ce wa ɗaliba yau za mu haɗa fofuri, sai na ƙara jimla uku kafin ta san ko ci ake yi ko sha. Wata ma cewa ta yi da ta karanta, furfura ta gani.

6/ Wani bawan Allah daga Damagaram ya tuna mana cewa a wajen masu Faransanci kalmar tana da ma'ana ta biyu: a ɗauko guntayen waƙoƙi daban-daban a jona su a kiɗa ɗaya, ko duk wani tarin abubuwa mabambanta. Na gode Malam. Wannan ma'anar ba ta buƙatar sabon suna, muna da hatsin bara, in kuma haɗin bai yi tsari ba muna da haɗin gambiza. A bar su can. Na ɗaki muke nema.

7/ Kafin in jero sunayen da kuka kawo, ga yadda ake yin abin, don suna ba ya zama daidai sai an ga mai shi.

Abin da ya fi ba masu farawa mamaki shi ne yawancin ƙamshin a ganye yake, ba a fure ba. Fure da yawa in ya bushe ƙamshinsa ya tafi, launi kawai ya rage. Turawa kan yi amfani da wata shukar tukunya mai suna pelargonium, 'yar asalin Afirka ta Kudu, wadda ƙamshinta ke cikin wasu ƙananan gashi a jikin ganyen. In kika murza ganyen da yatsu biyu, wani iri ya ba ki ƙamshin wardi, wani na lemun tsami, wani na na'a-na'a. Wadda ba ta da ita ba ta rasa komai ba: na'a-na'a da ɗoɗɗoya suna rayuwa a tsohon bokiti a bayan ɗaki, ga ganyen lemun tsami, ga ciyawar shayi mai ƙamshin lemu, ga furen lalle wanda masu bishiyarsa a gida suka san yadda yake cika tsakar gida da yamma. Don launi, busasshen zoɓo ya isa.

8/ A yanka da hantsi, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi. A baza a faifai ɗaya-ɗaya, kada wani ya hau wani, a inuwa inda iska ke ratsawa. Rana tana cinye launi da ƙamshi gaba ɗaya. Da hunturu 'yan kwanaki sun wadatar, sai dai a rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙura. Da damina kuwa a yi haƙuri, ganye ɗaya mai sauran danshi ya isa ya sa fumfuna ta cinye kwalba guda. Gwajin mai sauƙi ne: a matse ganye a hannu, in ya ce ƙaras ya farfashe ya yi, in ya lanƙwashe a mayar da shi faifai. Ɓawon lemu a fere shi siriri, a kankare farin cikin, don shi ke riƙe ruwa.

9/ Nan ne sirrin yake, kuma nan ne masu turaren wuta za su ga sana'arsu. Man ƙamshin da ke cikin ganye mai saurin tashi ne, in ba a sa abin da zai kama shi ba, sati biyu kwano ya koma busasshen ganye kawai. Turawa suna amfani da garin saiwar wata fure mai suna iris, wadda aka fi nomawa a yankin Tuscany na Italiya. Sai an busar da saiwar shekara uku ko fiye kafin ƙamshinta ya fito, shi ya sa take da tsada. Mu ba ma buƙatar ta. Saiwar jema, wadda iyayenmu ke jefawa a randa, 'yar'uwar jemar ce ake tatsar manta a masana'antun turare na duniya don wannan aikin na riƙe ƙamshi. Ga kajiji, ga garin sandal, ga ƙaron hano. A daddaka su sama-sama, kada su yi laushi su zama ƙura a gindin kwano. Cokali biyu ya ishi kofi huɗu na busasshen haɗi. In za a ƙara man turare, a ɗiga 'yan ɗigo a kan saiwar, ba a kan furen ba. Sannan a zuba duka a kwalbar gilashi a toshe, a sa a duhu sati huɗu zuwa shida, ana girgizawa lokaci-lokaci. Wadda ta buɗe a sati na farko za ta ji kanumfari ya danne kowa, ta ɗauka haɗin ya ɓaci. Bai ɓaci ba, bai nuna ba ne.

10/ Gargaɗi ɗaya: ba kowace shukar ado ce ke shiga ba. Mai faɗin ganye da ɗigon fari da ake ajiyewa a falo, wadda ake kira dieffenbachia, ruwanta na kumbura baki da harshe. Duk wata mai farin ruwa kamar nono, irin na tumfafiya, a bar ta. Kuma kwanon ya yi nesa da hannun yara, don zoɓo da kirfa a kwano kama da abin ci suke yi.

11/ To yanzu sunaye. Duk wanda ya zo da suna ya fara da "turare", kuma na yarda. Wani malami ya ce turare da turarawa da tururi 'yan gida ɗaya ne, duk hayaƙi ne ko abin da ya yi kama da shi, wannan kuwa ba ya hayaƙi. Allah ya gafarta Malam, ai turaren kwalba ma ba ya hayaƙi, kuma ba wanda ya hana shi sunan. Kalmar ta daɗe da faɗaɗa.

Ku duba yadda muke raɗa wa turaruka suna: turaren wuta, turaren ruwa, turaren jiki, turaren kaya, turaren gashi, turaren tsuguno. Ba ɗaya a ciki da ya faɗi abin da aka haɗa shi da shi. Kowanne yana faɗin inda ake sa shi ne ko yadda ake amfani da shi. Da wannan ma'auni na auna abin da kuka kawo.

12/ Turaren fure shi ya fi samun masu goyon baya, kuma yana da daɗin faɗa. Matsalarsa biyu. Mai shago zai miƙo miki kwalbar turare mai ƙamshin fure. Sannan mun riga mun ga ganye da saiwa ne ke yin aikin.

Turaren ganye ya fi kusa da gaskiya, amma kowa ya san abin da samarin bakin tasha ke nufi da ganye. Abin dariyar ma, a Amurka an yi ta sayar da tabar wiwi ta roba a fakiti da sunan potpourri don a kauce wa hukuma. Kada mu maimaita musu da Hausa.

Turaren ɗaki an riga an ba na fesawa. Turaren kasko yana kiran garwashi. Turaren sanyi, wanda wata ƙanwata ta kawo a matsayin kishiyar turaren wuta, dabara ce mai kyau, sai dai rabin matan da za su ji shi maganin sanyi za su ɗauka, su tsuguna a kai. Tsimin fure kuwa ko kusa, wata za ta jiƙa ta sha.

13/ Wanda ya sa na tsaya na yi tunani shi ne turaren jere, daga wata Anti a Zariya. Hujjarta ita ce abin nan rabinsa ado ne, kamar kwanukan da ake jerawa a ɗakin amarya, kuma tukwanen tangaran na Faransawan nan ma kayan jere ne a wajensu. Anti, kin kusa raba gardama. Abin da ya hana ni shi ne sunan ya ɗaure shi da biki. Za a ɗauka turaren da ake yi ranar jere ne, mai gidan da ta shekara ashirin da aure ta ga ba nata ba ne, balle ofis ko ɗakin baƙi.

14/ Ni dai na tsaya a kan turaren ajiye. Ya bi sahun turaren tsuguno: wancan tsugunawa ake yi, wannan ajiyewa ake yi, shi ke nan aikin ya ƙare. Ya faɗi abu ɗayan da ya raba shi da sauran turaruka. Na gwada shi a bakin kasuwa: "Hajiya, akwai turaren ajiye?" "Ki sauya turaren ajiyen falon nan, ya huce." "Na kajiji kike so ko na lemu?" Bai yi tuntuɓe ba ko ɗaya.

An ce za a rikita shi da ajiya, wato turaren da aka adana don wata rana. Za a iya, a karon farko. Amma mai cewa "yana nan a ajiye" ba ta rikita shi da "na ba shi ajiya", kuma da an ga kwanon sau ɗaya magana ta ƙare.

15/ Saboda haka a darasin zan rubuta turaren ajiye ga busasshen, jiƙaƙƙen turaren ajiye ga na gishirin nan na Faransawa, in ma akwai mai ƙarfin halin gwada shi a zafin Sakkwato. Abin da ya rage mini shi ne sunan su jema da kajiji a wannan aikin nasu na hana ƙamshi gudu. Na rubuta "mariƙin ƙamshi" da fensir. Masu haɗa turaren wuta da humra, ku da kuke sa farce, murfin bakin dodon koɗin teku, don wannan dalilin, me kuke kiran sa a tsakaninku?