Neman kalma: yaya za mu ce "insulin sensitivity" a rediyo?

Mai Shirin Lafiya: Assalamu alaikum jama'a. Jibi za mu naɗi shirinmu na ranar ciwon suga ta duniya, 14 ga Nuwamba, kuma na zaɓi batun matasa masu ƙiba da amfanin motsa jiki gare su. Likitan da na yi hira da shi bai yi jimla uku ba tare da ya ce "insulin sensitivity" ko kishiyarta "insulin resistance" ba. Manhajar fassara ta ba ni "hankalin insulin", abin da ba shi da kai ba shi da gindi. Masu sauraronmu iyaye mata ne a cikin gidaje da 'yan kasuwa. Don Allah ku agaza.

Malamin Hausa: Wa'alaikumus salam. "Jin insulin". Ai muna cewa ciwo ya ji magani, ko ba ya jin magani. Kishiyar kuwa "rashin jin insulin". Sai dai ki guji tara sunaye. Maimakon "ƙaruwar jin insulin", ki ce "jiki ya fi jin insulin". Hausa ta fi sakewa da aikatau.

Ɗan Damagaram: Mu nan likitoci "sensibilité à l'insuline" suke rubutawa. Ni da "karɓar insulin" zan ce, tunda muna cewa magani ya karɓe shi.

Ma'aikaciyar Jinya: A'a ɗan'uwa, kar a taɓa wannan. A asibiti in ka ce wani yana karɓar insulin, kowa zai ɗauka allura ake yi masa. Yawancin masu zuwa wurinmu ba su ma san jikinsu na yin insulin da kansa ba. Hajiya, duk kalmar da kika zaɓa, ki fara da wannan bayanin, in ba haka ba iyaye za su ɗauka kina cewa a kai yara allura ne.

Likitan Yara: Bari in faɗi abin da kalmar za ta ɗauka, sai ku auna. Bayan cin abinci suga yana ƙaruwa a jini. Insulin ne ke zuwa ƙofar tsoka ya yi sallama, tsoka ta amsa ta buɗe, suga ya shiga. Tsoka ce ke ɗauke mafi yawansa, wajen kashi 80 cikin 100. In kitse ya taru a ciki da hanta, sai amsawar ta yi nauyi, jiki ya riƙa ninka insulin ɗin da yake fitarwa kafin a buɗe. Ana iya shekaru a haka gwajin suga yana nuna lafiya lau, sai ranar da fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin ɗin, ya gaza.

Abin da ya sa matasa suka zama abin damuwa shi ne balaga. A tsakiyarta wannan amsawa tana raguwa da kusan kashi 30 cikin 100 ko yaro siriri ne, saboda sinadarin girma, daga baya ta farfaɗo. Mai ƙiba kuwa nauyi biyu ne a kansa.

Motsa jiki yana aiki ta wata hanya dabam. Tsokar da ke aiki tana fito da masu shigar da suga, waɗanda ake kira GLUT4, ba sai insulin ya yi sallama ba. Bayan an gama kuma takan yi kwana ɗaya zuwa biyu tana saurin amsawa. Shi ya sa ƙwallon ranar Asabar kaɗai ba ta wadatarwa. Kuma ki jaddada wannan, Hajiya: an ga gyara a jikin yara masu ƙiba bayan makonni na motsa jiki alhali sikeli bai motsa ba. Yara da yawa suna dainawa ne don sun hau sikeli ba su ga canji ba.

Dattijon Marubuci: Duk na karanta. Kun tsaya gardamar "ji" da "karɓa", kun bar baƙon yana zaune a tsakar gida. Shi "insulin" ɗin Hausa ne? Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta tsibiri, saboda 'yan tsibiran ƙwayoyin halitta da ke fitar da shi. Su sun raɗa suna da abin da suka gani, mu me ya hana mu? Na daɗe ina ba da shawarar "tsibirau". Sai a ce "jin tsibirau". Kuma Likita, me ya kai ka "fankiriyas" ga saifa?

Likitan Yara: Ranka ya daɗe, saifa wata gaɓa ce dabam, aikinta tace jini, ba ta yin insulin. Na san ana yawan faɗin haka a kafafen labarai, amma kuskure ne.

Malamin Hausa: Baba, ƙirar "tsibirau" ba ta da aibu a nahawu, sahun "ƙanjamau" take bi. Amma ƙanjamau ta zauna ne domin duk wanda ya ji ta ya ga hoton cutar. Wanda ya ji tsibirau, kogi zai tuna.

Dattijon Marubuci: Da ma sabuwar kalma sai an koyar da ita. Wa ya san "yanar gizo" kafin gidajen rediyo su nace a kanta? Wa ya haifi "jirgin sama"? Magabata ba su ce ba za a gane ba. Ku 'yan yanzu kun raina harshenku, da kun ga kalmar likita sai jikinku ya mutu. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Agadas zuwa Kumasi har Sudan, a ce ya kasa raɗa wa ruwa guda suna?

Ɗan Damagaram: Baba, Allah ya ƙara girma, amma "sukari" ma daga Larabawa muka aro, "suga" daga Ingilishi, ba wanda ya ce sun rage mana daraja. Larabawa da kansu insulin suke cewa, Waswahili su ce insulini. Kuma wannan na cikin 'yan kalmomin da mai Faransanci da mai Ingilishi suka haɗu a kansu. In Kano ta ƙirƙiro nata, mu a Nijar an sake barinmu a baya, kamar yadda aka saba yanke mana kalmomi ba a tambaye mu ba.

Dattijon Marubuci: Ni ban ce Kano ba. Hausa na ce.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba, ka yi haƙuri, ni abin da ke jikin kwalba nake dubawa. Tun da aka gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921 da wannan suna duniya ta san shi, shi ne a takardar likita, shi mai kemis ya sani. Mai ciwon suga ya je ya ce a ba shi tsibirau, rai ne a tsakani.

Ni damuwata ma tana wajen "rashin ji". Akwai alamar da muke gani a wuyan yaran nan: fatar bayan wuya ta yi baƙi, ta yi kauri, wani lokaci har hammata. Uwa ta yi ta dirza da soso da sabulu tana yi wa yarinya faɗan ƙazanta, alhali yawan insulin ne a jini. Yarinyar da ake tsokana da teɓa a makaranta, a gida ana ce mata ƙazama, yanzu kuma rediyo ya ce jikinta na da rashin ji? Kun san abin da "rashin ji" ke nufi in an faɗe shi a kan yaro.

Malamin Hausa: Wannan magana ce mai nauyi. To a bar "jin insulin" a ɓangaren lafiya, kishiyar a ce "turjiya". Jiki yana turje wa insulin.

Likitan Yara: Turjiya ta fi kusa da kalmar likitoci, amma tana nuna kamar abu ne na ko dai a ji ko a ƙi. Shi kuwa hawa-hawa ne. Ni a ɗakin duba marasa lafiya "jiki ya rage jin insulin" zan ce. Hajiya, ki saka shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya: minti 60 a kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17, motsin da zai sa numfashi ya ɗaga, da abin ƙarfafa tsoka kwana uku a mako. Alƙaluman hukumar na 2016 sun nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan, 'yan mata kashi 85. Ki yi magana da iyayen 'yan mata musamman. Tsallen igiya a tsakar gida, saurin tafiya zuwa islamiyya, daka, duk suna cikin lissafi.

Mai Shirin Lafiya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na rubuta: "Insulin sinadari ne da jiki ke yi da kansa don shigar da suga cikin tsoka. Ƙiba da balaga suna sa jiki ya rage jin insulin. Motsa jiki kullum yana sa ya ƙara jin sa, ko nauyi bai ragu ba." Na cire "rashin ji". Ban yanke a kan "turjiya" ba, ina ganin za ta yi amfani a kanun labari inda ba wurin doguwar jimla. Baba, ka gafarce ni, insulin zan bari.

Dattijon Marubuci: Shirinki ne, 'yata. "Jin" ɗin dai Hausa ce tsantsa, na yarda da ita. Sauran rabin ban yarda ba, kuma zan kai maganar taron marubuta. Likita, in saifa ba ita ba ce, a tambayi mahauta sunan da suke kiran wannan gaɓa, don ba za a ce suna fiɗa kullum ba su raɗa mata suna ba.

Ɗan Damagaram: Wannan kam zan tambaya a mahautarmu gobe. Hajiya, a wane mita ake kama ku daga nan?