Yarona na rera ABCD kamar waƙa, amma bai gane "m" ba

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Babban nawa shekararsa shida, yana aji ɗaya, zango na biyu ke nan. In aka ce ya yi ABCD zai rattabo ta har ƙarshe ba gargada, ƙirga kuwa har ɗari yake yi. Jiya na rubuta masa "m" a bayan kwalin ashana na ce mene ne wannan, ya kalle ni ya ce "uku". Wallahi jikina ya yi sanyi. Babansu ya ce a ɗauko mai lesin, ni kuma ina tunanin makarantar ce za a canza. Me kuka gani? In lesin ne, me zan ce wa malamin ya riƙa yi da shi?

Anti Mai Ɗinki: Wa alaikumus salam. Ai bai yi nisa ba, juya "m" ɗin a tsaye ki gani, uku ce 😂

Baban Gida: Lesin kawai. Nawa duka da lesin suka tashi.

Uwargidan Kurna: Ƙanwata, kafin ki kashe ko sisi ki saurare ni, don ni an sha ni na warke. Ta biyuna na saka a wata makarantar kuɗi a nan unguwarmu, mai fenti da lilo a tsakar gida. Zango uku tana ɗauko ta ɗaya ko ta biyu. Jihohi talatin da shida da manyan biranensu a kanta suke, in baƙi suka zo sai in kira ta ta rera, ana ta tafi ina ta fasa kai. Da Babbar Sallah muka je gida, kawunta ya miƙa mata gwangwanin madara ya ce karanta min. Shiru. Ya rubuta sunanta da gawayi a bango, nan ma shiru. A gaban facalolina fa.

Da aka koma hutu ban gaya wa kowa ba na shirya na je ajin da safe, na ce wa malamar zan ɗan zauna. Ba ta so ba, amma na samu bencin baya na zauna har aka tashi tara. Abin da na gani: ta cika allo da rubutu tun daga sama har ƙasa, ta ɗauki bulala tana nunawa, tana faɗa suna amsawa gaba ɗaya da ƙarfi. Rabin ajin ba ma allon suke kallo ba, wani yana cin fensirinsa, tawa tana kallon taga, amma bakin kowa na tafiya daidai. Ko sau ɗaya ba ta kira yaro guda ta ce zo ka nuna min ba. Daga nan aka ce a kwafa. Yarinyar da ba ta san harafi ba me za ta kwafa? Zane take yi. Wanda bai gama ba malamar ta karɓi littafin ta ƙarasa masa da hannunta, don kada iyaye su ga fili. Littattafai tara ne a jakarta, kowanne da kuɗinsa. Aikin gida kuma a ce ta rubuta 1 zuwa 500, tana yi tana kuka har bacci ya ɗauke ta, yayarta ta ƙarasa.

Jarrabawar ma ashe tambayoyin ake ba su tun sati biyu kafin lokaci su haddace da amsoshin. Da na yi wa mai makarantar magana sai ta ce ai iyaye ne ke son haka, in yaro bai zo gida da waƙar Turanci ba sai a cire shi. Abin haushin, ba ƙarya ta yi ba, ni ce irin iyayen.

Na cire ta, na mayar da ita aji ɗaya a wani wuri. Babanta ya yi sati yana fushi wai an yi asarar shekara. Yanzu ita ke karanta min saƙo in na ɓatar da tabarau. Shawarata: je ki zauna a ajin tukuna. Ki duba ko akwai abin da yaran ke taɓawa da hannunsu ban da kwafa, ki duba ko malamar ta san sunan na bayan aji. In suka hana ki shiga, kin samu amsarki.

Maman Biyu: Innalillahi. Yaya, kamar a jakar yarona kika leƙa. Shi ma takwas ne littattafan.

Anti Mai Ɗinki: Wannan 1 zuwa 500 ɗin ni nake rubutawa da hannun hagu don ya yi kama da nasa. Allah ya yafe mana.

Ɗan Kasuwar Kwari: Ni kuma malamar ta ba ni huɗu bisa goma a aikin da na yi wa yarona da kaina. Har yau ban huce ba.

Baba Malam: Assalamu alaikum. 'Yata, kada ki tayar da hankalinki, shekara shida ba a makara ba. Na fara riƙe aji ɗaya tun zamanin UPE, shirin ilimin firamare ga kowa da aka buɗe a 1976, lokacin da yara suka yi mana yawa har a gindin bishiya muke karatu, kuma sun iya. Sunan harafi daban, sautinsa daban. Yaronki sunaye ya haddace a jere, kamar mai bin layin waƙa. Fara masa da Hausa, don Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wasula biyar tukuna: a, e, i, o, u. Yanka kwalin indomi ƙanana ki rubuta su manya-manya, ki riƙa cakuɗa su kina ɗagawa, kada ki bi jeri. In sun zauna ki kawo baƙi ɗaya, a ce "b", ku yi ba, be, bi, bo, bu. Sai "m", sai "k", sai "n". Ranar da ya ajiye "ba" kusa da "ba" ya ji bakinsa ya ce "baba", to kin gama mai wuyar. Daga nan mama, kaka, nama, babu. Minti goma sha biyar a rana ya isa, in ya fara hamma ki sallame shi. Rubutu kuma a ƙasa da yatsa ko da kara kafin fensir, hannunsa bai yi ƙwari ba tukuna. Masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ki bar su sai daga baya. In kin samu littafin Ka Koyi Karatu a wajen masu littattafai ki saya, da shi muka yaye da yawa.

Maman Biyu: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Lissafin fa?

Baba Malam: Marfin lemo. Ki ce ya ba ki bakwai, ki gani ko zai tsaya a bakwai. Da yawa masu ƙirga ɗari ba sa tsayawa. In ya wuce nan ki karya tsinken tsintsiya, ku riƙa ɗaure goma-goma da kyauro. Ɗauri biyu da tsinke uku, ashirin da uku ke nan. Sai ya gane abin da ya sa ake rubuta 2 kafin 3.

Baban Gida: Baba da girmanka, amma ni ban biya kuɗin makaranta don a koya wa yaro Hausa ba. Hausa ai a gida yake ji. Jarrabawa da Turanci za a yi masa ita.

Malama Aji Biyu: Malam, ji daban, karantawa daban. Yaron da ya gane cewa haruffa haɗuwa suke su ba da kalma, ya gane ke nan har abada, in ya zo Turanci sabbin sautuka kawai zai ƙara. Amma ka haɗa masa biyu lokaci guda, bai san kalmar ba kuma bai san harafin ba, me ya rage masa in ba hadda ba? Kuma ba ra'ayin Baba ba ne shi kaɗai, a manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma an rubuta a fara wa yaro da harshen uwa ko na yankinsa.

Baban Gida: 'Ya'yan waɗanda suka rubuta ɗin a ina suke karatu?

Ɗan Kasuwar Kwari: Nan kuma ka kama su 😂

Hajiya Babba: Ni abin da ya fi ƙona min rai tarar da ake cin yara in sun yi Hausa a aji. Jikana kuɗin abincinsa na tara ake karɓewa, ya dawo da yunwa. Ɗan shekara biyar! Yanzu ya koyi yin shiru gaba ɗaya, ko fitsari yake ji ba ya faɗa.

Anti Mai Ɗinki: Hajiya ai monita ne ke cinye kuɗin, ki bincika.

Hajiya Babba: Ke dai bari. Monitan ma ɗan maƙwabciyata ne.

Malama Aji Biyu: Bari in ɗan kare mu kaɗan, don na ga an sa malamai a gaba. A nan Bauchi nake, makarantar gwamnati, yara sun haura tamanin a ajina, rabi a kan tabarma. Lokacin da aka kawo mana littattafan Mu Karanta aka horar da mu, abin da ya fi amfanata shi ne tsarin nan: in yi su gani, mu yi tare, sannan su yi su kaɗai ina zagayawa. Wannan na ukun shi ake tsallakewa, don shi ne mai gajiyarwa. Safiyata haka take: bayan asambuli mu gaisa, in tambayi wace rana ce yau, mu yi waƙa ɗaya don su nutsu. Sai sautin ranar, kowa ya nemo abin da ya fara da shi. Ranar "t" an kawo min tabarma, tukunya, tuwo, wani ya ce "Tijjani mai shayi". Mu tafa gaɓoɓi, ta-bar-ma tafi uku. Sai in karanta musu ɗan labari in tsaya a tsakiya in ce me kuke jin zai faru. Lissafi kafin tara, don bayan tara an ci awara an yi guje-guje, rana ta take, ba mai saurarenka. Lokacin nake sa tatsuniya, ko zane, ko mu fita mu yi 'yar gala-gala a rubuta lambobi a cikin gidajen. Ban ce kowa na iyawa ba. Amma ina da 'yar takarda da nake rubuta sunan biyar kullum in saurare su ɗaya-ɗaya.

Uwargidan Kurna: Malama, da irinki na samu da ban zubar da hawaye ba.

Ta Maraɗi: Mu nan lakwal, wato makarantar boko, ajin farko CI ake ce mai, sannan CP. Kowane yaro da ɗan allonshi da alli. Mushe, wato malami, ya faɗi abu, kowa ya rubuta, ya buga tebur, kowa ya ɗaga sama. Nan take ya ga wanda bai iya ba, babu ɓuya cikin taro. Ki sai ma yaron allo, ya fi littafi arha, kuma ba ya jin tsoron kuskure tunda gogewa zai yi.

Anti Mai Ɗinki: Da miyau ko?

Ta Maraɗi: Da hannun riga, shi ya sa wanki ba ya ƙarewa.

Malam Na Islamiyya: Ku dai ku tuna yaron nan ɗaya ne. Boko daga safe zuwa azahar, Islamiyya da la'asar, wasu har da ta dare. In aka cusa lesin a tsakani yaushe zai yi wasa? Kullum ina ganin su suna gyangyaɗi a gabana. Kuma abin da Baba ya faɗa ba baƙo ba ne, a makarantar allo ma babbaƙu ake fara yi, sannan farfaru, kafin a haɗa.

Baban Gida: Wasa kuma? Mu da muka tashi ba wasan aka tura mu yi ba.

Hajiya Babba: Kai da na sani kana tsallake katanga ana tashi tara? Rufa wa kanka asiri.

Ɗan Kasuwar Kwari: Hajiya a ci gaba, muna ji 😂😂

Amaryar Zaure: Tunda ana maganar aji ɗaya, don Allah wa ya san maganin ɓatan fensir? Dozin ɗaya ba ya kai mana sati biyu.

Uwargidan Kurna: Raba shi biyu da reza, ki ba shi rabi. Guntu ba a sacewa.

Anti Mai Ɗinki: Ni ɗaure shi nake da zare a jikin jaka. Ya dawo da zaren.

Malama Aji Biyu: Abin fiƙe ne matsalar, ba sata ba. In suka samu sai sun fiƙe fensirin ya ƙare. Ki riƙe shi a gida, ki fiƙe biyu da daddare. Kuma don Allah kada a ba su reza, na sha ɗaure yatsa.

Maman Biyu: Yanzu na gwada marfin lemon. Na ce ya ba ni bakwai, ya kwaso duka ya zuba min a cinya yana ƙirgawa har ashirin, alhali sha ɗaya ne. Ƙanin kuma ya sa ɗaya a baki, da ƙyar na ciro.

Baba Malam: Madalla, kin ga inda za ki fara. Koma uku. Ya taɓa kowanne da yatsa ya matsar da shi gefe kafin ya faɗi na gaba. Ƙaramin kuma a goya shi tukuna.

Maman Biyu: To Baba. Amma maganar lesin ɗin fa, in bari ko in ɗauko? Babansu zai tambaye ni in ya dawo.

Baban Gida: Ɗauko.

Malam Na Islamiyya: Bari.

Amaryar Zaure: Uwargida, rabin fensirin da ba shi da abin gogewa fa, wa ake ba wa? Nawa biyu ne, yanzu haka faɗa suke a kai.