Wai yaran ne malalata, ko darasin ne ya mutu?

Malamin motsa jiki: Jama'a, abin nan ya ishe ni. A fitar da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare fili, sai rabinsu su maƙale a gindin darbejiya, wannan ciwon ciki, wancan ba takalmi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 kullum, mu minti 40 a mako ma ya gagara. Yaran yanzu malalata ne kawai.

Koci: Malam, janye kalmar malalata. Yaron da ya ƙi fitowa da sha biyun rana shi ne za ka gani bayan la'asar yana buga ƙwallo ba takalmi har a kira magariba. Duba darasin kansa: yara 70, ƙwallo ɗaya, 22 a fili, 48 na kallo, minti goma kuma sun tafi wajen jera layi da kiran suna. Ka zana filaye huɗu da toka, kowanne taku 30 a tsaye, 20 a kwance, ka raba su biyar-biyar. Yara 40 na bugawa, 30 na hutawa, a canza duk bayan minti huɗu. Kada ka bar gwanaye su yi zaɓen 'yan wasa, wanda aka zaɓa a ƙarshe ba zai sake fitowa ba.

Malamin Hausa: Ku duka kun kauce. Malalaci ba ya taɓuka komai ko'ina. Rago yana farawa ya kasa jurewa. Wanda zai iya amma ya ƙi, ƙyuya yake yi.

Malamin motsa jiki: To ƙyuyar ba 'yar lalaci ba ce?

Malamin Hausa: A'a Malam, mai ƙyuya yana da dalili a ransa.

Ma'aikaciyar lafiya: Dalilin a jikinsa yake. Yaro ya fito bai karya ba, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ka ce ya zagaya fili sau biyar? A mayar da darasin ya zama na farko ko na biyu da safe, a ajiye jarkar ruwa a inuwa, a tsaya a sha duk bayan minti 15. A kuma san mai sikila da mai asma tun farkon zango. Mai sikila ƙishirwa da gajiya mai tsanani na tayar masa da ciwo.

Malamar makarantar 'yan mata: Duk maganarku ta maza ce. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata ba sa samun isasshen motsi, maza kashi 78. Budurwa ba za ta yi tsalle ba matuƙar samari na leƙe ta katanga, ba wurin canza kaya, ga lokacin al'ada. A ba ta dogon wando, riga mai faɗi, ƙaramin hijabi marar allura, da malama mace. Tsallen igiya, 'yar gala-gala da gaɗa sun isa su sa ta gumi.

Tsohon shugaban makaranta: A sa maki kawai, wanda ya ƙi ya yi tsallen kwaɗo. Kuma a dawo da langa, ita ba ta cin ko sisi, ba sai an sayi ƙwallo huɗu ba.

Koci: Baba, da girmanka, ranar da gudu ya zama hukunci ka gama koya wa yaro ƙinsa. Langa kuma a kan tsakuwa targaɗe take jawowa.

Tsohon shugaban makaranta: Ƙwallon taku ba ta karya ƙafa? Ku 'yan gidan kallo kun raina namu.

Koci: Bari in tattara, tunda dare ya yi. An yarda yaran ba malalata ba ne, kuma maganin shi ne ƙwallo biyar-biyar a ƙananan filaye. Langa ba ta samu goyon baya ba.

Malamar makarantar 'yan mata: Wa ya yarda? Ina maganar katanga da wurin canza kaya?