Class 14 na Birtaniya: asarar kuɗi ce ko aikin ne ya gudu ya bar shi?

Injiniya Bala: Salamu alaikum 'yan zaure. Ni dai a wurina kan jirgin dizal ɗin nan da ake kira Class 14 asara ce tsantsa. Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ƙera guda 56 a masana'antarta ta Swindon a 1964 da 1965, amma kafin 1969 ta ƙare babu ko ɗaya da ke mata aiki. Kan jirgi ana ƙera shi ne ya yi shekara talatin ko fiye, wannan ko biyar bai cika ba.

Baba Audu, tsohon direba: Wa alaikumus salam. Injiniya, bari mu fara da abin da aka ƙera shi dominsa. Ƙaramin kan jirgin dizal na Class 08, wanda hukumar ta dogara da shi wajen jera taragai a tasha, ƙarfin doki 350 gare shi, gudunsa bai wuce mil 15 zuwa 20 a awa ba. Ka fitar da shi babban layi, ya tare wa jirgin fasinja hanya. Shi kuwa Class 14 injin Paxman ne a cikinsa mai ƙarfin doki 650, yana kaiwa mil 40. Zai jera taragai, ya ja su zuwa wata tashar, ya shiga ƙananan layukan mahaƙar kwal a kudancin Wales, aikin da ƙananan jiragen tururi ke yi a da. Duk wanda ya taɓa tuƙi ya san akwai buƙatar irin wannan.

Injiniya Bala: Baba, Allah ya ƙara girma, ban ce ba a taɓa buƙatarsa ba. A duba kwanan wata. An ba da odar 26 a Janairun 1963. A watan Maris rahoton Dakta Beeching, shugaban hukumar a lokacin, ya fito yana cewa a rufe ƙananan layuka da tashoshi masu yawa, a koma jigilar kaya da yawa a jirgi guda. Bayan haka kuma sai aka ƙara 30! Hukuma ɗaya ce ke rufe layukan, ita ce kuma ke sayo musu kawuna.

Hajiya Rabi: Wannan laifin masu ba da oda ne, ba na ƙarfen ba. Da ba shi da kirki wa zai saya? Guda 48 aka sayar wa masana'antu. Hukumar kwal ta sa su aiki a Ashington da ke arewa maso gabashin Ingila, kamfanin ƙarfe ya riƙa jan duwatsun tama da su a Corby har aka rufe aikin a 1980. Na Ashington sun wuce haka ma. Da yawansu sun fi daɗewa a hannun masu su na biyu nesa ba kusa ba.

Sadiku: Hajiya, amma ai an yi ƙorafin birki, ko?

Baba Audu: An yi, ɗana. A lokacin taragan kaya da yawa ba su da birkin da direba zai taka daga gaba, nauyin kan jirgin ne da taragon mai gadi a baya ke tsayar da komai. Shi kuma nauyinsa wajen tan 50 ne kawai. Da aka kai wasunsu birnin Hull, sau da yawa sai an haɗa biyu su ja kayan da ya kamata ɗaya ya ja. Ga shi giyarsa ta kamfanin Voith ce mai aiki da matsin mai, a daidai lokacin da hukumar ta yanke shawarar tsayawa kan kawunan dizal masu juya ƙafafu da lantarki. Ko da layukan ba su rufe ba, da wuya ya tsira.

Injiniya Bala: To Baba, ai ka kama mini ke nan.

Hajiya Rabi: Bai kama maka ba. A Corby da Ashington tafiyar gajera ce, gudun kaɗan ne, kuma a can ya yi aikinsa lafiya lau. Har yau 19 na nan a hannun masu adana tsofaffin jirage, wasu suna ɗaukar fasinja a layukan yawon buɗe ido.

Injiniya Bala: Na ji, Hajiya. Sai dai jama'a ne suka biya kuɗin sabo, masana'antu suka same shi a matsayin kwance. Ina so wani ya gaya mini hujjar ƙarin 30 ɗin nan bayan watan Maris.