Kwanon takarda a daminar Legas

Maman 'Yan Biyu, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina kwananku, ya ruwa? Don Allah a agaza min. An ce yarana su kawo wani abu da suka yi da hannu daga tsohuwar takarda, Litinin ta sama za a karɓa a makaranta. Na ce ai wannan mun yi shi a firamare a Zariya. Na jiƙa jarida ta kwana biyu, na kirɓa a turmi, na kwaɓa da sitaci, muka lafta a bayan kwanon silba. Yau kwanansa biyar a bakin taga. Sama ya yi tauri, amma in na danna da yatsa sai ya lotsa, ga wari kamar gasarar da ta kwana uku, gefe guda kuma ya fara baƙi-baƙi. Ta macen tun safe take kuka.

Hajiya Babba, Obalende: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki yi haƙuri ki zubar da shi, funfuna ce ta shiga, kuma in ta shiga ciki ba ta fita. Kin ɗauko aikin Zariya kin kawo bakin teku. Can da hunturu ko bargo kika shanya kafin la'asar ya bushe. Nan kuwa watan Yuni da Yuli ko ɗankwali sai ya kwana a igiya, balle curin takarda mai kaurin yatsa.

Malamar Firamare, Mile 12: Maman 'Yan Biyu, sannu. Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni ma shekarata ta farko a nan haka muka yi asarar taswirar Najeriya guda, aji gaba ɗaya ya ɗau wari. Tun daga nan na bar kirɓawa. Ga yadda nake yi yanzu. Ki yayyaga jaridar da hannu, faɗin yatsu biyu, kada ki sa almakashi, don bakin da aka yaga ya fi kwanciya a kan ɗan uwansa. Za ki ga jarida tana da gefen da take yaguwa a miƙe, ɗayan gefen kuma sai ta karkace, to ki bi na miƙen. Ki kifa kwanon, ki shafe bayansa da basilin ko ki rufe da leda don ya saku daga baya. Ki tsoma takarda ɗaya a gam, ki ja ta tsakanin yatsu biyu ki tsane, sannan ki shimfiɗa. Shimfiɗa biyu, in ta yi yawa uku, sai ki tsaya, ki ajiye a gaban fanka ya bushe ƙarau kafin ki ƙara. Shida ko bakwai ya ishi kwano. Ta ƙarshe ki yi ta da farar takarda, fenti ya fi fitowa a kanta. Kwana uku ya wadatar in wuta ta yi muku adalci.

Maman 'Yan Biyu, Agege: Malama Allah ya saka da alheri. Wutar ce dai abin addu'a. To gam ɗin fa, sitacin zan sake damawa?

Malamar Firamare, Mile 12: Da damina ni farin gam na kafintoci nake amfani da shi, irin su Top Bond, in sirka da ruwa kaɗan ya koma kamar madara mai kauri. Ba ya tsami. In babu, fulawa gwangwanin madara ɗaya, ruwa gwangwani biyar, ki dama a wuta kamar kunu, ki zuba gishiri cokali guda, ki bari ya huce. Ki dama na rana ɗaya kawai, kada ya kwana.

Anti Tela, Idi-Araba: Ku dai yi hankali da na fulawar nan. Ni na yi wa autana fuskar zaki da shi, ta bushe ta yi kyau, na ɗora a kan kabad. Da safe zaki ba hanci. Kyankyasai sun yi walima.

Amarya, Ikorodu: Anti kin ba ni dariya har maigida ya leƙo. Zaki ba hanci!

Hajiya Babba, Obalende: Ai abinci kika ajiye musu. Fulawa da rogo duk cimarsu ce. Mu da muna jefa kanumfari a tukunyar in ana damawa, yana rage saurin lalacewa, amma kyankyason Legas ba ya jin kunyar kowa. In ya bushe a shafe shi da fenti ciki da waje, a sa a roba mai murfi.

Anti Tela, Idi-Araba: Tunda an taɓo maganar, bari in faɗi abin da ya fi yi min amfani a shago. Kwalin taliyar yara ko na madara, in yanke marafansa, in liƙe bayansa da ragowar ƙyallayen atamfa, cikinsa kuma da takardar ruwan ƙasa. Ɗaya na zare, ɗaya na zif da maɓallai, ɗaya na kayan da ba a zo karɓa ba. Masu kawo ɗinki har tambaya suke ina na saya. Sirrin biyu ne. Ki shafa gam ɗin a jikin kwalin, ba a jikin yadin ba, in ba haka ba zai huda ya yi tabo. Sannan ki bar rarar yadi kamar yatsu uku a baki ki lanƙwasa ciki, ki kama da abin shanya har ya bushe. Kwalin da aka ɗauko daga kasuwa kuwa sai ya wuni a rana an kakkaɓe shi, don a ramukan nan na tsakiyarsa kyankyaso yake ɓuya ya yi ƙwai.

Maman Ɗalibai, Agege: Kuma kar a ajiye shi a ƙasa. Bara da ruwa ya shigo mana ɗaki, akwatin kwalin da na zuba takardun yara shi ya fara tafiya. Ko ruwa bai shigo ba, siminti kansa yana tsotso laima, gindin kwalin ya yi laushi. Yanzu komai na kan katako.

Mai Cincin, Alaba Rago: Salamu alaikum, na shigo a makare. Ni tambayata daban ce. Tun Janairun 2024 da gwamnatin jiha ta hana farin mazubin abincin nan mai kamar soso, sannan aka matsa wa siraran ledoji, nake son in koma ƙunsa dublan da cincin a jakar takarda. In naɗa da jarida?

Malamar Firamare, Mile 12: A'a 'yar uwa, banda jarida. Mai yana narkar da tawada, kin ga yadda ƙosai ke fitowa da rubutu a jikinsa. Banda takardar buhun siminti ma, ko an kakkaɓe. Ki nemi sabuwar takardar ruwan ƙasa wadda ba a buga komai a kanta ba, ki sa takardar gashin kek daga ciki. Naɗin ba wuya. Ki samu ƙaramin kwali mai girman jakar da kike so, ki naɗe shi kamar za ki ba da kyauta amma ki bar baki ɗaya a buɗe, ki liƙe gefe da gindi, ki zare kwalin. Ki yanko ɗan kati ki shimfiɗa a gindin don ya ɗau nauyi.

Mai Cincin, Alaba Rago: Ina ake samun takardar da yawa? Na kantin unguwa tsada.

Yaya, Shomolu: Ki zo unguwarmu. Shomolu ai garin masu ɗab'i ne, ko ina injin buga takarda ke kuka. Akwai masu sayar da manyan falle, akwai kuma ragowar da injin yanka ke zubarwa, dogaye sirara, kati mai kauri da mai launi, wani lokaci da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba za a cika miki leda. In kin biyo titin Ikorodu ki sauka a Onipanu ko Palmgrove. Mushin ma akwai masu takarda. Da ragowar nan nake yi wa yara ambulan na barka da sallah, in sa musu sabbin kuɗi a ciki. Kuɗin kaɗan ne, amma sai ka ga yaro ya riƙe ambulan ɗin har bayan sallah.

Amarya, Ikorodu: Yaya ya ake ambulan ɗin? Ni fa ko jirgin ruwa na takarda na manta.

Yaya, Shomolu: Ƙanwata, ki ɗau takardar A4, ki kamo kusurwa ɗaya ki kai ta gefen da ke fuskantarta, ki yanke rarar da ta saura a ƙasa. Kin samu murabba'i, santimita 21 kowane gefe. Ki juya ta kusurwa na kallonki, ki kawo ta dama da ta hagu su haɗu a tsakiya, ki ɗago ta ƙasa ta ɗan hau kansu ki liƙe, ta sama ita ce murfi. Rarar ma kar ki yar, ki yanka ta dogayen tsini, ki naɗe a tsinken tsintsiya daga faffaɗan bakin, ki ɗiga gam a tsinin, in ya bushe ki shafa farin man farce. Duwatsun wuya ke nan, matan Uganda sana'a suke yi da su. Tsohuwar kalanda mai sheƙi ta fi ba da launi.

Malamar Islamiyya, Agege: Ku gafarce ni, zan ɗan tsoma baki a kan kalandar. A duba kafin a yanka. Yawancin waɗanda ake raba mana suna ɗauke da aya ko sunan Allah, wasu jaridun ma haka, musamman shafin Juma'a. Ranar nan na ga littafin wata ɗaliba an rufe shi da kalanda, Bisimilla a bayansa, tana ajiye shi a ƙasa. Irin waɗannan a ware su daban. Ni kwalin sabulu da na shayi nake yankawa in rubuta haruffan Larabci 28 ɗin nan, kowanne da katinsa, in bi da faffaɗan salatif. Ƙananan sun fi saurin rarrabe ba da ta da sa in suna juya katin a hannunsu.

Hajiya Babba, Obalende: Allah ya yi albarka Malama, wannan tunatarwa ce. Nawa kuma ɗaya ne: duk wadda za ta yi wa yara fitilar takarda, kar ta kuskura ta sa kyandir a ciki. Ƙaramar tocila ta isa.

Maman 'Yan Biyu, Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na zubar da wancan, mun yi shimfiɗa biyu, yana gaban fanka. Yanzu rigimar launi ake, namijin na son kore da fari, ita kuma ja. Malama, fentin ruwa na yara zai kama, ko zai sake jiƙa min shi?

Malamar Firamare, Mile 12: Zai kama, amma ki dama shi da kauri, burushi kusan a bushe, shafa ɗaya ki bari ta sha iska. Kuma ki kifa wani kwanon yau ɗin nan, ki yi biyu. 'Yan biyu da kwano ɗaya ba za su kai Litinin lafiya ba.