Zuciyata na dukan uku-uku ina kwance, ko maganin hawan jini ne?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum. Shekarata 51, ɗinki nake yi a gida. Shekara biyu ke nan ina shan maganin hawan jini, amlodipine 5mg, lafiya lau. Watan jiya jinin ya ƙi sauka, likita ya mayar da ni 10mg, ya kuma ƙara min wata 'yar ƙwaya mai sa fitsari. Tun daga nan, da na idar da isha'i na kwanta sai zuciyata ta hau dukan uku-uku, har a kunnen da na ɗora kan filo nake jin bugun. Ba aiki na yi ba, ba kuma wani ya ɓata min rai ba. Na'urar awon da ɗana ya saya min ta nuna jini 128/80, amma bugun zuciya 108. Fuskata kan ɗau zafi, idon sawuna ya ɗan kumbura. Wallahi yau da safe na daɗe riƙe da ƙwayar ina tunanin in bar ta.

Baba Direba:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kar ki bari da kanki. Ni atenolol nake sha, ya ƙare min a hanyar Legas, na ce idan na dawo na saya. Kwana uku, ina zaune a mota ƙirjina kamar ana buga ganga. Likita ya ce shi wannan birki yake wa zuciya, ka cire ƙafa lokaci ɗaya sai ta kwasa da gudu. Naki daban ne, amma ki koma wurin wanda ya rubuta miki.

Mai Kemis:
Hajiya, sannu. Amlodipine buɗe jijiyoyin jini yake yi. Idan suka buɗe jinin ya sauka, jiki kan sa zuciya ta ƙara sauri don ta cike gurbin. Zafin fuska da kumburin ƙafa duk halinsa ne, kuma sun fi fitowa a 10mg. Nifedipine, wani maganin hawan jinin, ma haka yake.

Amma ni 'yar ƙwayar fitsarin nan na fi zargi. Idan irin su hydrochlorothiazide ce, tana fitar da ruwa, tana kuma tafiya da sinadarin potassium, wanda zuciya ke buƙata don bugunta ya daidaita. A zafin nan, mutum na kan keken ɗinki yana zufa bai sha ruwa sosai ba, ai dole a ji a jika. Sannan in tambaye ki: kina cin goro ko shan shayi mai kauri da yamma? Kin sha maganin mura kwanan nan? Da yawansu akwai pseudoephedrine ko kafeyin a ciki, suna tayar da bugu, suna tayar da jini. Kullum sai na yi wannan faɗan da masu saye.

Nas ɗin Dare:
Babba idan yana hutawa bugunsa 60 zuwa 100 ne a minti, 108 ya ɗan haura. Mama, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki ki ƙirga na minti guda. Ki lura: sauri kawai yake, ko yana tsalle yana rikicewa? Idan rikicewa yake sai an yi ECG, wato awon da na'ura ke zana bugun zuciya, don akwai nau'in da ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Ki rubuta awon safe da na dare, ki kwashi duk magungunanki a leda ki kai. A duba potassium, ƙarancin jini da maƙoƙo. In kuwa kika ji ciwon ƙirji, numfashi na sarƙewa, ko jiri kamar za ki suma, kar ki jira gari ya waye.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode, Allah ya saka. Mai Kemis, ka kama ni. Ɗinkin biki ya yi min yawa, goro biyu nake ci bayan magariba don kar barci ya ɗauke ni, kuma satin jiya na sha na mura. Na ƙirga yanzu, 102, bai tsallake ko ɗaya ba. Ƙwayar safe na sha abata. Litinin ɗana zai kai ni, ledar na nan na rataye jikin keke.