"Faɗuwar gaba asarar namiji": a ina ya dace a faɗe ta?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Jiya da yamma ina tsallaka titin Ikorodu daidai kasuwar Mile 12 a nan Legas, wata motar haya, danfo, ta taso mini, saura ƙiris ta kwashe ni. Allah ya tsare, amma na daɗe zaune a bakin hanya, ƙirjina na dukan uku-uku, hannuwana na rawa, bakina ya bushe ƙamas. Wani dattijo da ya ga abin ya ce, "Tashi yaro, faɗuwar gaba asarar namiji." Maganar ta tsaya mini a rai har yanzu. Ni ban zaɓi gabana ya faɗi ba. To asarar me na yi?

Baba Mai Goro:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ƙara tsarewa. Dattijon ya ɗauko magana mai kyau, ya ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Mu yadda muka taso muka ji, ana faɗin ta ne kafin aiki: saurayin da zai je gaban iyayen yarinya, ko wanda zai tsaya gaban alƙali ya ba da shaida. Ana nufin kada tsoro ya hana ka abin da ya wajaba a kanka. Wanda mota ta kusa bankewa, sannu ake ce masa, a ba shi ruwa.

Malamar Jinya, Idi-Araba:
Baba ya yi gaskiya, bari in ƙara da abin da muka karanta. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirinal. Da ido ya hango haɗari, ƙwaƙwalwa kan aika mata saƙo ta jijiya, nan take ta zuba sinadarin adirinalin cikin jini. Shi ne ke sa zuciya ta ƙara gudu, hanyoyin numfashi su buɗe, hanta ta saki sukarin da ta ajiye domin tsoka ta samu ƙarfi. Jini kuma ya ragu a ciki da hanji ya koma ƙafafu da hannaye, shi ya sa mutum ke jin kamar wani abu ya tsinke masa a ciki. Ƙanena, abin da ya taimaka maka ka yi tsallen da ka tsira ke nan. Rawar hannun kuwa ragowar sinadarin ce, cikin 'yan mintoci jiki ke narkar da shi. Soja ma haka jikinsa yake yi, ɗan dambe ma haka.

Malamin Makaranta, Obalende:
Malama, a nan ne na ɗan saɓa da ke. Magabatanmu ba su san adirinalin ba, a 1901 ne wani masani ɗan Japan, Jokichi Takamine, ya tace shi, kalmar homon ma, sunan da ake kiran irin wannan sinadari mai kai saƙo ta cikin jini, sai a 1905 Ernest Starling ya fara amfani da ita a Ingila. Karin magana ba darasin asibiti ba ne, tarbiyya ce. "Gaba" a nan ba ƙirji kaɗai ba ne, ƙarfin hali ne. Idan muka riƙa auna kowace magana da ma'aunin likita, za mu ƙare ba mu da ko ɗaya.

Uwar Biyu:
Malam, ka yi haƙuri, ni wannan maganar na ga ɓarnar da ta yi a gidanmu, shi ya sa ba zan iya kallon ta a matsayin tarbiyya kawai ba. Ƙanena yana dako a kasuwar Alaba Rago. Ya yi wata da watanni yana cewa gabansa na faɗuwa ba dalili, ko yana kwance. Yana cin abinci kamar mutum biyu amma yana ramewa. Zufa ko da sanyin asuba, barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya fusata. Duk wanda ya kai wa kuka sai ya ce masa faɗuwar gaba asarar namiji, har ya daina faɗa wa kowa. Wasu suka ce sammu ne, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Sai da idanunsa suka fara firfitowa, wuyansa ya kumbura, muka kai shi asibiti. Gwajin jini ya nuna ciwon a maƙogwaro yake. Yanzu yana shan magani, ya koma aikinsa. Amma watannin nan da ya yi shiru don kunya, har gobe suna yi mini ciwo. Kuma ina tambaya: mu mata da aka cire daga cikin maganar, namu gaban an yarda ya faɗi ke nan?

Malamar Jinya, Idi-Araba:
Yaya, Allah ya ƙara masa lafiya. Tayirod ke nan, tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi a gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Da sinadarin aidin take haɗa nata homon, shi ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. Mai ba ta umarni wata ƙwaya ce kamar ta wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fitiwitari, ta hanyar sinadarin TSH. In homon ɗin ya yi yawa a jini sai ta rage umarni, in ya yi kaɗan ta ƙara. A irin ciwon ƙanenki, sau da yawa garkuwar jiki ce ke zuga tayirod ta yi ta aiki ba tare da jiran umarni ba, shi ya sa a gwaji ake ganin TSH ya yi ƙasa ƙwarai. Kuma wannan ciwon ya fi kama mata fiye da maza. Mai ciwon suga ma, in sukarinsa ya sauka da yawa, gabansa kan faɗi, ya yi zufa, ya yi rawa. Shi abin zaƙi yake bukata a lokacin.

Baba Mai Goro:
'Yata, labarinki ya taɓa ni. Amma Bahaushen da ya faɗi waccan, shi ne dai ya ce jiki magayi. Da an tuna wa yaron wannan, da an saurare shi tun farko. Batun mata kuwa, ai mukan ce wance namijin duniya ce, in ta tsaya da ƙafarta. Ni a haka nake jin "namiji" a nan, mai jarumta, ko wane ne.

Uwar Biyu:
Baba, na ji, amma waɗanda suka faɗa wa ƙanena ba haka suke nufi ba, kuma shi ma ba haka ya ji ta ba.

Ɗan Agege:
Na gode muku duka. Malama, tambaya ɗaya: ni nawa ya wuce tun jiya, na yi barci lafiya. Amma akwai wani abokina mai facin taya da ke yawan dafe ƙirji yana cewa ba komai. Yaushe ya kamata in matsa masa?

Malamar Jinya, Idi-Araba:
Tun yanzu. In yana zuwa ba tare da abin tsoro ba, ko yana maimaituwa, ko akwai rama, jiri ko ƙarancin numfashi, ka raka shi a auna bugun zuciya, hawan jini da suga, likita zai ga ko akwai bukatar gwajin tayirod. In kuwa ciwon ƙirji ne mai tsanani ko suma, kada ku jira gari ya waye.